Marinin da Ya Koma Sahun Baya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin matata, ya amsa kiran Ubangijinsa wata ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na Sabon Gari, nan Maraɗi. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Marina abokan sana'arsa suka zauna gefe guda. Ba sai an nuna maka su ba, duk wanda ya ɗaga hannu zai shafa fatiha sai ka ga tafinsa baƙi. Mutanen Jiratawa, garin da aka haife shi, suka iso cike da mota. Kowa ya durƙusa ya yi gaisuwa, sai ya rage murya ya ce, "Ashe ba cewa aka yi ya warke ba?" Alhaji, amininsa mai fataucin shadda a unguwar Zariya, ya zauna jingine da bango. Sai can da aka matsa masa ya ce, "Tun muna samari nake kai masa farin yadi, bai taɓa maido mini da tabo ba." Daga nan ya rufe fuska da hannun riga.

Daga cikin gida kuwa muryar Gwaggo ce ke tashi, yayarsa da ke aure a Tibiri. "Na faɗa maku! Mutum na tafiya da ƙafafunsa, kuka yi ta ɗura masa guba ta inda ba a ɗura wa ɗan Adam komi!" Maza suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Matata ta aiko a kira ni zaure. Idonta ya yi ja. Ta ce, "Kai kaɗai ka san yadda aka yi. In ka yi shiru, maganar Gwaggo ce za ta zama labarinsa."

Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Baba, haka nake kiransa, marini ne ɗan marini. Ya fara da shuni a ramukan Jiratawa, da zamani ya juya ya shigo birni ya koma galura, wannan garin rini na kanti da ake damawa da ruwan zafi. Da hannu tsirara yake damawa. In an ce ya sa safar hannu sai ya ce, "Safa ta mai lalle ce. Hannun da bai ji ruwa ba bai san ko rini ya nuna ba." Launin ya shige masa fata har gwiwar hannu, sabulu ya daɗe da sallama masa. Abin da ya fi ƙi a duniya shi ne gaggawa. Ko jikokinsa ya ga suna haɗiye tuwo sai ya ce, "Mai gaggawa shi ke rini sau biyu."

Duk shekara in azumi ya raba tsakiya, yakan bi gidajen zawarawa da marayun unguwa da kansa, ya ce a fito masa da tufafin da suka koɗe. Ya rine su, ya kai mabuga a buge har su yi ƙyalli, ya maido da su a ninke kafin jajibiri. Ranar Sallah sai ka ga yaran sun fita fes, ba wanda zai ce rigar bara ce. Wata tsohuwa ta taɓa yi masa godiya a gaban mutane, ya ɓata rai ya ce ita wa ya gaya mata shi ne, ai marina suna da yawa.

Ba babban malami ba ne, amma ya sauke Alƙur'ani, kuma yana da murya. Tun da tsohon limamin ƙaramin masallacin da ke bakin marina ya rasu, shi jama'a suka tura gaba. Wannan limanci ya fi masa komi. Yakan ce sana'a ta ciki ce, wannan kuwa ta kabari ce.

Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Mushe, kamar yadda ƴan makaranta ke kiran malami da Faransanci. Tsakanina da shi kunya ce irin ta suruki. In na hango shi a hanya nakan cire takalmi in durƙusa. Shekara da shekaru ban san launin ƙwayar idonsa ba.

Surukata ce ta fara gane akwai matsala. Ta ga ja-ja a wandonsa wajen wanki, ta yi masa magana, ya ce tsargiya ce. Ya ce duk yaron da ya yi wanka a gulbi ya yi fitsarin jini, su a zamaninsu ma alamar girma ce. Ya aika farmasi aka sayo masa ƙwayar tsargiya, jinin ya ɗauke, aka manta. Bayan damina ya dawo, wannan karon da gudaji. Ba ciwo, ba zazzaɓi, shi ya sa ya ƙara ɓoyewa.

Wata Asabar da safe ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce in matso.

"Mushe, asibiti za ka kai ni."

Na ce, "To, Baba. Bari in kira su yaya."

"Da su nake so da su na kira. Abin nan a wurin da ɗa bai kamata ya gani ba yake. Kai kau ka iya sunkuyar da kai, kuma ka iya Faransanci. Abin da lokotoro ya faɗi ka gaya mini shi yadda yake, kada ka sa masa sukari."

Na yi masa alkawari. Wannan alkawari ya yi mini nauyi daga baya.

A nan Maraɗi aka yi masa hoto aka ga tsiro a mafitsara, aka tura mu Yamai. Can suka shiga da na'ura mai ido ta hanyar fitsari, suka kankare tsiron, suka kai shi awo. Da sakamako ya fito lokotoro ya zaunar da mu. Ya tambayi sana'ar Baba, ya dubi hannayensa. Ya ce ba zai rantse ba, amma an san masu daɗewa cikin irin wannan rini sun fi kamuwa. Sannan ya ɗauki kwalbar ruwa da ke kan tebur ya ce in fassara.

Na ce, "Baba, ciwon daji ne. Amma ya ce an tare shi da wuri. Mafitsara kamar tulu ce mai shafe a ciki. Ciwon yana kan shafen, bai kai ga yumɓun ba. Sun kankare abin da suka gani, sai dai irinsa yana son sake tsirowa, don haka sai an riƙa wanke cikin tulun da magani."

"A sha ko a yi allura?"

Na dubi ƙasa na ce, "Ta hanyar fitsari za a riƙa zubawa, da siririyar roba."

Lokotoro ya ƙara bayani. Maganin da aka saba da shi, wanda ake yi daga ƙwayar rigakafin tarin fuka, ya yi wuyar samu. Amma akwai wata hanya: magungunan daji iri biyu da aka saba bayarwa ta jijiya, sai a zuba su kai tsaye cikin mafitsara, ɗaya bayan ɗaya a zama guda. Tunda ba sa bin jini sosai, gashi ba zai zube ba, jiki ba zai rushe ba. Sau ɗaya a sati har sati shida, daga nan wata-wata. Ya haɗa mu da wani abokin aikinsa a Maraɗi da zai riƙa yi. Magani kuwa sai dai mu nemo. Alhaji ya ce wannan nasa ne, motocinsa ba sa rabuwa da hanyar Kano.

Sai da muka fito bakin titi Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Mushe, ka ji abin da ya ce a kan galura?" Na ce na ji. Ya ce, "Ita ta ciyar da matarka har ka gan ta ka so. Ba zan zage ta ba."

Ranar farko na kai shi da sassafe, bai sha ruwa ba kamar yadda aka ce, don kada fitsari ya tsinka maganin. Majo, wato ma'aikacin jinyar, namiji ne, ya ja labule. Na juya zan fita Baba ya ce in tsaya, in ba shi baya. Ina kallon bango ina jin numfashinsa. Bai yi ƙara ba, salati kawai yake maimaitawa, sai dai a wani wuri salatin ya katse, sannan ya ci gaba. Aka zuba na farko aka ce ya riƙe fiye da sa'a guda, ya riƙa juyawa: dama, hagu, rigingine, rub da ciki. Gumi ya jiƙa masa taguwa. Can ya ce, "Yau ga marini a cikin rini, ana juya shi." Majo ya yi dariya. Ni ban iya ba. Aka zuƙe na farko, aka zuba na biyu, aka sake jira.

Wahalar tana gida. Kwana biyu ko uku bayan kowane zubi, fitsari kamar an zuba barkono, kuma ba ya ba da lokaci. Ya tashi ya je, ya dawo bai zauna ba ya sake tashi. An ce a riƙa zuba ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta a bayan gida in ya kewaya, kada jikoki su taɓa, sai aka ware masa buta da wurinsa daban. Mutumin da yara ke hawa kansa in ya dawo daga marina, ya koma yana korarsu da hannu. Kabu-kabu ma ya gagare shi hawa, sai motar Alhaji.

A sati na huɗu muka tarar majo namijin ba ya nan, mace ce a wurin, yarinya tsarar autarsa. Baba ya tsaya a bakin ƙofa. Ta gane, ta ce, "Baba, shigo, ai ni ɗiyarka ce."

Ya ce, "Shi ya sa."

Aka daɗe a haka. Maganin an riga an haɗa, in ba a zuba ba ya lalace. Daga ƙarshe ya cire rawaninsa, ya kwanta, ya lulluɓe fuskarsa da shi.

Abin da ya fi karya shi ba robar ba ce. Wata la'asar yana jan salla, a raka'a ta biyu ya ji ya kasa riƙewa. Ya ja hannun na bayansa ya tura shi gaba, ya ratsa sahu ya fita. Malamin unguwa ya zo har gida ya ce masa mai lalura irin wannan shari'a ta yi masa rangwame, alwalarsa tana nan. Baba ya ce, "Na sani, Malam. Rangwamen nawa ne ni kaɗai. Ba zan ɗauki sallar mutane in ɗora a kan shakka ba." Tun daga ranar ya koma sahun baya, dab da ƙofa, kusa da takalma. In sabon liman ya yi tuntuɓe a karatu, daga can baya za ka ji muryar Baba a hankali tana ɗora shi kan hanya.

Bayan an gama sati shidan aka sake leƙawa da na'ura. Lokotoro ya fito yana murmushi, ya ce ciki fes. Surukata ta yi waina ta raba wa unguwa. A nan ne maganar ya warke ta bazu. Na yi ta cewa ba a gama ba, akwai na wata-wata, amma wa ke sauraron suruki ranar murna? Ya yi na wata-watan har ya fara maida jiki, ya fara leƙa marina yana zama a inuwa yana gyara wa samari aiki.

Sai aka rufe iyaka, hanyar Kano ta toshe. Motocin Alhaji suka tsaya cik. Ya aika ta hanyoyin daji, sau ɗaya aka kawo kwalaben sun sha rana, lokotoro ya ce ba zai zuba wa mutum wannan ba. Yamai ma aka nema, in an samu ɗaya a rasa ɗayan. Wata ya bi wata. Gwaggo ta zo daga Tibiri da jarkar saiwoyi ta zauna a gidan. Gaskiya Baba bai yi baƙin cikin tsayawar maganin ba. Ya ce mini, "Mushe, ka bari jikin nan ya huta. Har na manta yadda mutum ke kewayawa ba ya cije leɓe." Ranar komawa leƙe ta zo, ya ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah ya ce sai an sha iska.

Jinin ne ya mayar da mu. Wannan karon lokotoro bai yi murmushi ba. Ya ce ciwon ya ratsa shafen ya shiga naman mafitsara, zubi ba zai ƙara kai masa ba. Abin da ya rage shi ne a cire mafitsarar gaba ɗaya, a fitar da hanya ta gefen ciki, fitsari ya riƙa taruwa a jaka. Na tambaye shi da Faransanci ko tsaikon da aka samu ne ya jawo. Ya ce ba wanda zai iya rantsewa. Akwai waɗanda ba su tsallake ko ɗaya ba ya dawo masu, amma da an leƙa a kan lokaci, wataƙila da an gan shi yana ƙarami.

Baba ya ce, "Mi ya ce?"

Na tuna alkawarina. Na faɗa masa duka, har da jakar.

"Jaka a jikina, ina tsaye gaban Ubangiji da fitsari rataye?"

"Baba, malamai sun halatta."

"Ban ce sun hana ba."

A mota muka yi rigimarmu ta farko kuma ta ƙarshe. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido ba. Na ce, "Baba, ka sha wuyar roba, ka sha ta barkono, ka bar limanci, duk don ka rayu. Yanzu da aka zo gaɓar ƙarshe za ka ce a'a? Jikokinka fa? Ɗiyarka fa, me zan ce mata?" Direban Alhaji ya rage gudu.

Baba ya bar ni na gama. Ya ce, "Ashe kana da ido." Ya yi ɗan murmushi, sannan ya ce, "Na ba su abin da zan iya bayarwa. Na kwanta gaban tsarar ɗiyar cikina na rufe fuska. Wancan na yi shi ne don an ce tulun zai tsira. Yanzu an ce a fasa shi. Ni na gaji, Mushe. Kada ka sa in mutu ina jin haushinka."

Ƴaƴansa maza suka taru suka roƙe shi, Alhaji ya ce ko ina ne a duniya zai kai shi. Bai sauya ba. Har yau ban ce ya yi daidai ba. Na dai daina yi masa gardama.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ciwo ya sauka ƙugu da baya. Fitsari ya riƙa toshewa da gudajin jini, robar da ya ƙi jini ta dawo ta zauna masa dindindin, har da jakar a gefen gado. Da ya gan ta sai ya kau da kai ya ce, "Abin da ka gudu shi ke jiranka a gida." Ya rame har zoben azurfarsa ya riƙa zamewa. Gwaggo ta yi ta ba shi jiƙo, yana karɓa yana kurɓa don kada ranta ya ɓaci. Duk abin da ta faɗa ranar makoki, na san ƙauna ce. Ita ta goya shi suna yara.

Sau ɗaya ya ce a kai shi marina. Muka ɗauke shi a kujera. Ya sa aka tara samarin da ke aiki, ya ɗaga hannayensa ya ce, "Ku dube su da kyau. Na ce maku safa ta mai lalle ce, to na janye. Ku sa. Kuma duk wanda ya ga ja a fitsarinsa, kada ya ce tsargiya ce ya yi shiru." Wasu sun sa. Wasu sun sa na sati guda.

Ana saura kwanaki ya rasu sai ga saƙon Alhaji, hanya ta samu, an kawo magungunan biyu cikin ƙanƙara, lafiya lau. Ba wanda ya gaya wa Baba. Surukata ta sa su a firjin maƙwabta, ta rufe bakinta.

Bayan sadakar bakwai na ɗauke su na kai wa lokotoro, ko za su yi wa wani amfani. Ya karɓa ya duba, ya ce akwai mai jira. A kan bencin da muka saba zama na ga wani dattijo da hula a gwiwa, ɗansa na tsaye nesa da shi yana kallon waje. Daga Tibiri suke. Majo ya gaya masa ni ne na kawo. Dattijon ya kama hannuna ya yi ta sa albarka, sannan ya jawo ni kusa, yadda ɗan ba zai ji ba.

"Ɗana, wanda aka saya wa, ya ji sauƙi?"

Na ce, "Ya rasu, Baba."

Hannunsa ya yi sanyi cikin nawa. Ya ce, "To ni mi ya kawo ni?"

Na zauna kusa da shi. Na ce masa akwai zafi, ba zan ɓoye masa ba, kuma akwai kunya. Na ce maganin ya yi wa namu aiki har aka ga ciki fes, abin da ya biyo baya Allah ne ya sani. Na ce in an ce ya dawo a leƙa, ya dawo ko da yana jin garau. Ya daɗe yana juya hularsa. Da majo ya leƙo ya kira shi, sai ya miƙe, ya miƙa wa ɗansa hular, ya shiga.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa wuyar da ya sha ta zama wankin zunubansa. Ya yalwata masa kabari, Ya tsayar da shi a sahun gaba ranar da ba mai fita daga sahu. Ya ba Gwaggo da surukata da ɗiyansa haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da kalmar shahada.